Gangunan da Kawu Sha'aban Ya Shayar

Tun kafin a ga jirgin aka ji shi. Ƙararsa ta taso daga kudu kamar babur ya ɓace hanya ya hau sama, mutanen Kwarin Audi, wani ƙauye da ke gabas da Sandamu, suka watsar da abin da ke hannunsu suka yi wajen filin da aka share. Sati biyu suka yi suna sare geza da cike ramukan ɓeraye don wannan rana. Ga shi kuwa ya zo, ɗan ƙarami, ruwan ɗorawa, mai kujera ɗaya da farfela a hanci. Ya zaga ƙauyen sau ɗaya, ya sunkuyo, ya taɓa ƙasa a hankali, mata na guɗa daga bayan darni.

Khairat na tsaye a bakin filin cikin rigar aikinta, tana kallo kamar ba ta taɓa ganin jirgi ya sauka ba, alhali shekara huɗu ke nan tana kwance injinsa tana ɗaurawa. Ita ce injiniyar wannan jirgin, ba ya tashi sai ta sa hannu a takarda. Amma yau daban take, yau a ƙauyen su mahaifiyarta ya sauka, inda take zuwa hutu daga Daura tana yarinya. Kuma wanda ya zare hular tuƙi ya diro yana murmushi Anwar ne, wanda magabatansa suka riga suka kai gaisuwa gidansu, aka tsayar da biki bayan kaka.

Abin da ya kawo su ba na murmushi ba ne. Jan-baki ne suka sauka a yankin, tsuntsayen nan ƙanana da ke tafiya kamar hayaƙi. Gero ya fitar da kai ya fara nuna, su kuwa kullum sai su faɗa wa gonaki su bar zangarniya tsirara. An yi ta kaɗa gwangwani, an yi ta ɗaura ledoji, murya ta dishe. Da dare suna kwana a wani dajin bagaruwa a bakin fadama, kuma feshin maganin da jirgin ya zo yi ba ya kama su sai a daidai lokacin da suka dawo makwanci, dab da magariba. Ke nan lallai jirgi ya bar ƙasa da ƙarfe biyar da rabi. Idan aka rasa yau, an ba tsuntsaye kyautar wata rana guda, manoma kuwa sun ce ba su da ranar bayarwa.

Kawunta Sha'aban, wan mahaifiyarta kuma sarkin noman ƙauyen, shi ya tarye su da fura a ƙwarya. Anwar ya durƙusa ya gaishe shi idonsa a ƙasa, tsohon ya ce ya tashi, mutumin da ke yawo a sama bai kamata ya ɓata gwiwarsa da ƙasa ba. Daga nan ya ja su ya nuna musu amanar da aka ba shi: gangunan man jirgi biyar a jere, a tsaye, an goge su suna sheƙi. Kwana tara da suka wuce mota ta kawo su, kuma Khairat da bakinta ta ce a damƙa su a hannun kawunta, don ta san ko allura aka ba shi ajiya sai ya kwana yana gadinta. Ta duba hatimin da ke kan kowane murfi, babu wanda aka taɓa. Ta ji daɗi har cikin ranta. Ta ɗaura wayar da ke sauke wutar gogayya daga jikin jirgi zuwa ƙasa, ta fasa ganga ta farko, ta zura bututun famfon hannu har gindi, suka cika tankunan fukafukai biyu suna hira.

Bayan azahar ta ɗauko ɗan kofin gwajinta na gilashi. Aiki ne da take yi kullum, wanda hannunta ya fi kanta sani: a ƙarƙashin kowane fiffike akwai ɗan bakin tsiyaya, a danna shi, mai ya zubo, a ɗaga kofi a duba. Ruwa ya fi man jirgi nauyi, in akwai shi zai kwanta a ƙasa ya yi layi ko ɗigo-ɗigo. Ta danna, kofi ya cika, ta ɗaga shi ga rana. Babu layi, babu ɗigo, garau yake. Anwar ya leƙo ta bayan kafaɗarta ya ce wannan ko a asibiti sai haka, ta sa masa hannu kawai ya je ya ɗan miƙe kafin yamma.

Har ta juya za ta zubar, sai hannunta ya tsaya. Man wannan jirgin shuɗi-shuɗi ne, da gangan ake rina shi. Abin da ke cikin kofin ba shi da launi ko kaɗan. Ta kai hanci, warin mai sama-sama ne kawai. Ta tsoma yatsa ta ɗaga a iska; mai kan bushe nan take ya bar sanyi, wannan kuwa ya zauna a yatsarta yana ƙyalli. Ba a ga layi ba ne domin babu abu biyu a kofin. Duka ruwa ne.

Sai da ta cika kofi huɗu kafin shuɗin ya fara leƙowa a sama. Ta san inda wannan ruwan zai je. Man da ya rage a bututu zai tayar da inji lafiya, ya kai jirgin ƙarshen fili, ya ɗaga shi sama da itatuwan ɗorawar can, sa'an nan ruwan ya iso. A nan injin zai yi tari sau biyu ya yi shiru, a tsayin da ba a juyowa. Ta dubi Anwar, ya daina murmushi.

"Kyaftin," ta ce, don a bakin aiki haka take kiransa, "ba zan sa hannu ba."

Maganar ta zaga filin kafin ta rufe baki. Malam Ikrima, jami'in gona da ya kawo aikin, ya taho da sauri babbar rigarsa na jan ƙasa. Da ya ga ruwan bai tsaya tambaya ba. Ya ce shi ya san wannan labarin, ya gan shi a wurare da yawa: an zuƙe mai an kai wa 'yan bumburutu, an cike gurbin da ruwan rijiya. Ya faɗe ta da ƙarfi, a gaban dattawa, yana kallon gefen da Kawu Sha'aban yake. Khairat ta ce hatimi lafiya yake. Ya ce masu wannan sana'a sun fi hatimi wayo. Mutane suka fara gunaguni, wani saurayi ya ce a maimaita maganar in an isa. Kawu Sha'aban kuwa ya cire hularsa ya riƙe ta da hannu biyu, abin da Khairat ba ta taɓa ganin ya yi a gaban jama'a ba.

Ta bar su ta koma wajen gangunan. Ƙarfe biyu da kwata. Ba wanke sunan kawunta kaɗai take nema ba. In ba ta gano ta inda ruwan ya shiga ba, ba ta da man da za ta yarda ta zuba a jirgin da Anwar zai hau. Ta zura siririn bututun gwaji har gindin ganga ta biyu, ta toshe samansa da babban yatsa ta zaro: ruwa. Ta uku ma haka, ta huɗu, ta biyar. Ta tsuguna. Ƙasar da ke ƙarƙashinsu a jiƙe take, har ciyawa ta tsiro kore shar a kewayen kowace ganga, alhali kwana goma sha biyu rabon ƙauyen da ruwan sama. Ta miƙe ta shafa saman ganga. A kewayen murfin akwai zoben sabuwar tsatsa, kuma a maƙale da hatimin ga wani zaren buhu.

Ta ɗauki zaren ta je ta durƙusa gaban tsohon.

"Kawu, yaya kake kula da su? Gaya mini duka, tun daga ranar farko."

Ya ɗago. Ya ce direban da ya kawo su ya ja masa kunne cewa wannan mai ya fi fetur saurin kama wuta, ko zafi ba ya so. Da rana ta take a ranar farko ya taɓa ganga ɗaya, ta ƙone masa tafin hannu, har ya ji tana kumbura. Ya kasa zama. To me ake yi wa randa in ana son ruwa ya yi sanyi? Me mai tumatir ke yi wa kwandonsa a kasuwar Daura, me mai goro ke yi wa huhunsa? Sai ya tattaro buhunan algarara daga gida-gida, ya lulluɓe gangunan, kullum da azahar da la'asar shi da kansa yake sheƙa musu ruwa bokiti bibbiyu, daga rijiyar masallaci, mai sanyi. Yau da asuba ne ya kwashe buhunan ya goge su don baƙi su same su fes.

"Kuma suna jin daɗinsa, 'yar nan," ya ce. "Ina zubawa sai ki ji ganga ta yi ɓam, kamar ta sauke ajiyar zuciya."

Khairat ta runtse ido. Dariya da kuka suka taso mata tare, ta rasa wanda za ta bari ya fita. Ta tashi ta ɗauko wata jarkar roba da babu komai a ciki wadda ta wuni a rana, ta ɗaura murfinta sako-sako, ta tsayar da ita a tsakiyar mutane. Ta ce a ba ta ruwa mai sanyi. Tana kwarara shi a kai, jarkar ta lotsa, aka ji ɗan tsotso a bakin murfin, ruwan da ya taru a wurin ya shige ciki kowa na gani. Ta ce haka ganga take. Da rana tana hura iska waje, in ta huce tana ja ciki, kuma duk abin da ta tarar a bakin murfinta shi take ja. Saman ganga kamar faranti yake, yana tara ruwa. Kwana tara, sau biyu kullum, tana sha.

Ta juya ga Malam Ikrima ta ce ba a saci ko cokali ɗaya ba, man ma ƙaruwa ya yi. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ta bazu. Malam Ikrima ya yi ta gyaran wuyan riga, daga bisani ya matsa ya ce wa tsohon ya yi haƙuri, bakinsa ne ya riga tunaninsa. Kawu Sha'aban bai ma ji shi ba. Anwar yake kallo.

"Yanzu da hannuna na so in kashe yaron nan?"

Anwar ya manta da kunyar surukuta, ya kama hannun tsohon ya ce, "Baba, ba ka kashe kowa ba. Ga ni a tsaye, furarka ma ba ta gama sauka ba."

Amma ƙarfe uku saura kwata, kuma babu man tashi. Wanda ke cikin gangunan zai tsarkaku, sai dai yana bukatar a karkata su su kwanta tsawon sa'o'i kafin a zuƙe ruwan, a sake gwadawa. Aikin gobe ne. Daga Kano mota ba za ta iso kafin magariba ba. Khairat na cikin wannan tunani sai ta tuna takardar kaya ta ce ganga shida. Ta tambaya ina ta shidan.

Kawu Sha'aban ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi na biyu. Ya ce buhuna ne suka ƙare a kan biyar. Ɗayar sai ya sa aka gangara ta ƙarƙashin tsamiyar bayan masallaci aka bar ta a kwance, ko sau ɗaya bai ba ta ruwa ba, ta yafe masa wannan sakacin.

Da gudu ta tafi, mayafinta na tashi, rabin ƙauyen na bin ta. Ga ganga can a kwance a inuwa, ganyen tsamiya da kashin awaki sun rufe ta, murafanta biyu a gefe-gefe, mai ya danne su ta ciki ta yadda iska ba ta da hanyar shiga balle ruwa. Kwanciyar da littattafan aikinta suka ce a yi wa ganga ke nan, sak. Aka tayar da ita a hankali, aka sa dutse a gefe ɗaya ta karkata, ta jira minti ashirin da suka yi mata kamar shekara, ta zura bututun har kusurwar ƙasa. Shuɗi ne tun daga sama har gindi.

"Kawu," ta ce, "wannan da ka wulaƙanta ita za ta cece mu."

Daga nan filin ya koma kamar gidan biki. Ta raba aiki. Aka juye man da ke tankunan jirgin gaba ɗaya a wasu gangunan da babu komai, ta kwanta a ƙasa ta kwance ƙoƙon matatar mai ta zubar da abin da ke ciki, ta tsiyaye bututun da ke shiga inji, Anwar na miƙo mata sufana tun kafin ta tambaya. Ta hana kowa matsowa da taba ko waya. Ta yanke shawarar cewa daga yau bututun famfo ba zai ƙara taɓa gindin ganga ba. Ta ɗaura masa tsumma a daidai inda zai tsaya, taƙi ɗaya sama da ƙasa, man kuma sai ya bi ta mazurari mai matatar da ke tare ruwa, wanda da safe ta bari a akwati saboda ta yarda da hatimi. Wannan laifinta ne, ta kuma faɗa a fili, don kada tsohon ya ɗauki kayan shi kaɗai.

Ruwa yana da wuraren ɓuya a cikin fiffike, a bayan haƙarƙarin tanki. Da aka zuba sabon mai kaɗan, ta tsayar da ƙarti huɗu a kowane gefe ta ce su riƙa jijjiga fukafukan sama da ƙasa, a hankali, kamar masu rarrashin jariri. Manoman da ba su taɓa taɓa jirgi ba suka kama shi da bismilla, suna gardamar gefen da ya fi iyawa. A tsaya, a jira, ta tsiyaya. Ruwa rabin kofi. A sake. Cokali biyu. A sake.

Aka yi la'asar a gefen fili, sahu biyu, bi da bi. Can gefe kuwa Kawu Sha'aban bai jira an ce masa komai ba. Ya sa an kafa dirkoki, an ɗora zana, an shimfiɗa itace biyu a ƙasa, yana tambayar Khairat daga nesa ko haka murafan za su kalla in an kwantar da gangunan. Duk wanda ya wuce da buta kusa da rumfar sai ya kore shi.

Ƙarfe biyar da minti goma tankuna suka cika. Ta danna, ta ɗaga kofi. Shuɗi ne, amma a can ƙasa ga wani ɗigo guda, bai fi ƙwayar gero ba, yana birgima. Daga yamma an fara hango tsuntsayen, wani baƙin zare yana tsawo a sararin sama. Malam Ikrima ya matso, wannan karon da murya ƙasa-ƙasa, ya ce Injiniya, wannan ai ko kaza ta sha ba za ta san ta sha ba. Mutane suka zuba mata ido, waɗanda geronsu ke tsaye a gona. Ta ji nauyinsu duka a wuyanta. Ta dubi Anwar, da fatan ko zai ce wani abu. Ya zauna a kan tayar jirgi ya harɗe hannu, alamar shi ma jiran ta yake.

"Ɗigon da na gani ba ya ba ni tsoro," ta ce. "'Yan'uwansa da ban gani ba nake nema. A sake jijjigawa."

Aka jijjiga. Ta jira minti biyar cur tana kallon agogo. Kofi na farko, shuɗi. Na biyu, daga ɗaya fiffiken, shuɗi. Na uku daga ƙoƙon matata, ta ɗaga shi ta juya shi ta kowace fuska, ta ɗora shi a kan farar takarda. Babu komai sai mai. Ta ce ya tayar da inji ya bar shi yana gudu a ƙasa, da ƙarfi, tankin hagu sannan na dama, har sai man da ke bututu ya ƙare sabon ya iso. Ta tsaya kusa, iska na kaɗa rigarta, tana sauraro da dukkan jikinta. Ƙarar ba ta yi ko gargada ba.

Ta ɗora takardar a kan fiffike ta sa hannu, biyar da minti talatin da huɗu. Da ta miƙa masa ta taga sai ya riƙe gefen takardar bai karɓa ba, ya ce da ƙarfi don ta ji a cikin ƙarar, bai taɓa ganin sa hannu mai tsada irin wannan ba. Ta ce ya tafi, tsuntsaye ba sa jiran zance.

Jirgin ya juya ya fuskanci iska, ya zabura. Khairat ba ta kallon tayoyinsa, itatuwan ɗorawar ƙarshen fili take kallo. Ya ɗaga, ya kai kansu. Ya wuce su yana hawa, ƙarar na nan daram, ya karkata fiffike ya yi wajen fadama inda sama ta riga ta yi baƙi da jan-baki suna zuba cikin bagaruwa. Sai a lokacin guɗa ta ɓarke. Aka hango shi ya yi ƙasa-ƙasa, farin feshi na bin bayansa, ya tashi, ya juyo, ya sake, har sau bakwai. A gefenta Kawu Sha'aban na ta motsa baki, ta kuwa gane tun ɗazu hannun rigarsa take riƙe da shi kamar yarinya a kasuwa.

Ladan na gyaran murya zai kira magariba jirgin ya dawo, ya taɓa ƙasa, ya gangaro har gabansu farfela na juyawa. Injin bai yi shiru ba sai da Anwar ya kai hannu ya kashe shi da kansa.